Ɗigon Jinin Yunusu

Falalu ba ya huda yatsan mutum sai ya tambayi sunan kakarsa. Ya rubuta a littafi, sannan ya ɗauki allura. A ɗan asibitin da yake gwajin jini a Njamena, an ɗauka son hira ne. Shi kuwa sawun sikila yake bi, gida gida, cikin mahautan unguwar Ambassatna.

Yana da dalili. Yayarsa Zaliha ta binne 'ya'ya biyu, kowanne da kumburarrun hannuwa da idanu rawaya. Dangin miji suka ce jininta ne, har aka daina miƙa mata jariri ranar suna. Falalu ya duba, ya ga rabin ciwon take ɗauke da shi, kuma rabi ba ya kayar da yaro sai ya gamu da na uba. Mijinta Yunusu mahauci kuwa shekara uku yana hana yatsa.

"Kai mai kwantar da bijimi, allura ce ta gagare ka?" in ji Falalu.

"Jinin bijimi ƙasa ke shanyewa, ƙanin mata. Kai rubutawa kake yi."

Wata Alhamis a 1980, Yunusu ya ga ƙanwarsa ta janye jaririnta daga hannun Zaliha. Ya wanke hannu, ya tafi asibiti.

Falalu ya ɗiga jinin a gilashi, ya rufe, ya liƙe gefen da kakin kyandir. Sai jinin ya kwana ba iska kafin a ga ko ƙwayoyin za su lanƙwashe kamar lauje.

"Gobe," ya ce.

Gobe ta zo da bindigogin yaƙi. Da iyalin suka nufi kogi don tsallakawa Kusiri ta Kamaru, Falalu ya ce su yi gaba, zai leƙa asibiti. An riƙe masa wuri a kwalekwale har mai tuƙi ya gaji.

A Kusiri uwar Yunusu ta tayar da tsohuwar magana. Ya ɗaga mata yatsa.

"Inna, ni ma na ba da nawa. Kafin Falalu ya zo ya faɗa, kada a ƙara ambaton jinin kowa."

Ba a ƙara ba. A makon aka miƙa wa Zaliha jariri.

Ba a sake ganin Falalu ba. Bayan yaƙi Zaliha ta tsinci littafinsa a ƙasan ɗakin gwaji. Layin ƙarshe: Yunusu, jikan Hansai. Gabansa ba rubutu.