Malam Zailani, Mai Sa Na Baya a Gaba

Da an idar da sallar asuba, kafin rana ta gasa dutse, Malam Zailani na Rurum Tsohon Gari yakan ɗauki sandarsa da gorar ruwa ya hau dutsen shi kaɗai. Yana duba inda zuma ta yi sabon gida, da inda gansakuka ta kwanta bayan ruwan sama, da inda maciji ya bar saɓa. Sannan ya sauko ya jira baƙi a gindin tsamiya. Tun yana saurayi mai kiwon awaki yake kai mutane kan duwatsun nan, yau ga furfura har gira. Masu zuwa hutun Sallah daga Kano, da matasan nan masu rataya jaka a baya, duk shi suke kira kafin su baro gida: wace rana ta dace, wane takalmi za a sa, a zo da yara ko a bar su.

Doka ɗaya gare shi, kuma bai taɓa sassauta wa kowa ita ba. Wanda ya fi kowa nauyin ƙafa shi ne a gaba, saura su bi sawunsa.

Barira mai fura, wadda ke sauke ƙwaryarta a gindin tsamiyar nan, ita ta shaida abin da ya faru wata Babbar Sallah. Wani Alhaji Murtala ya zo da iyalinsa mota cike, har da mahaifiyarsa, Hajiya Lubabatu. A bayan dutsen aka haife ta, a wani ƙauye da ya zama kufai, hanyarsa ma ta shafe. Idonta ya fara dushewa, likita kuma ya ce ba gyara. Burinta ɗaya: ta hango kukar ƙofar gidan ubanta tun ido yana gani.

Alhaji ya shimfiɗa mata tabarma. "Hajiya, ki huta nan wajen abinci, ma ɗauko miki hoton a waya."

"A waya aka haife ni?" in ji ta.

Jikarta Afra'u ta sa baki: "Tsohuwa, in kika gangaro ba ni tare ki, na gaya miki."

"Tafi can, mai ƙafar sauro! Ina hawan dutsen nan ba a ma san za a yi ubanki ba."

Malam Zailani ya dogara sandarsa. "Alhaji, in Hajiya tana so, ita ce a gaba. In kuwa hana ta za a yi, ku nemi wani ya kai ku."

"Malam, rana fa za ta yi mana."

"Za ta yi. Akwai inuwa a hanya."

Ya bi da su ta hanyar shanu, mai nisa amma ba tsayi. A taka, a huta, samari na ta gunaguni. Dab da ƙarshe Hajiya ta gaji, ta zube a kan falalen dutse ta ce a wuce a bar ta. Bai lallashe ta ba, bai ce a goya ta ba. Ya sa kowa ya zauna, ya tambaye ta: "Hajiya, kukar nan, gabas take da rijiya ko yamma?" Ta ce ai bai san komai ba, ta miƙe za ta nuna masa, ta ga dutse ya tare. Sai ta ci gaba da takawa tana faɗa, har ta kai.

Ta daɗe tana kanne ido. Can ta ce, "Ga ta. Ita ma ta tsufa." Ba wanda ya ƙara gunaguni. Kafin wata damina idon ya rufe gaba ɗaya.

Kai ne, Zailani, sandar mai rauni. Kai ne ba ka taɓa saukowa da mutum yana jin cewa shi kaya ne ga 'yan'uwansa ba.

Bana gwiwa ta gaza, ya ce ya ajiye aiki. Alhaji Murtala ya ji labari, ya kwaso iyali don a yi hawan ƙarshe tare. Tun ba a yi nisa ba aka ga Malam a can baya yana haki, yana yi musu hannu wai su wuce. Alhaji ya tsaya cak.

"Malam, dokar wa kake so mu karya? Bismillah, wuce gaba."

Afra'u ta karɓar masa gora. Ya wuce, suka bi sawunsa.

Mun gode, Malam Zailani. Allah Ya saka, Ya ba gwiwa sauƙi. Ku kuma masu shirin kawo iyali hutu, dutse ba ya gudu, ku daina tsere a kansa. Ku waiwaya ku ga wanda kuka bari a baya, ku ce masa ya wuce gaba.