Mai Tsintsiya a Bayan Kaset

Shekara talatin Gwaggo tana koyar da waƙa a firamare. Abin alfaharinta shi ne ba ta koyar da waƙar kowa sai da izininsa.

Da ta yi ritaya, na zauna juye mata tsofaffin kaset a kwamfuta. A wani kaset, bayan muryoyin ɗalibai, wata mata na rerawa can nesa, tsintsiya na bin ƙasa.

"Gwaggo, in goge wannan hayaniyar?"

"Hayaniyar gidanku! Mai sharar makarantarmu ce. A bakinta na tsinci waƙar nan."

Ta lumshe ido, yatsunta na kaɗa iska.

"Sa sunanta a gurbin mai waƙa."

"Yaya sunanta?"

Gwaggo ta buɗe ido.

"Kullum muna gaisawa," ta ce. "Ban taɓa tambaya ba."