Umma a Gonar Kanumfari

Bayan Umma ta fita takabar Baba, Yayana ya kira ni daga Kano ya ce: "Ki ɗauke ta ta zo wajenki ko na wata ɗaya ne. Ba ta cin abinci, ba ta magana. Mun rasa yadda za mu yi."

A lokacin ban daɗe da samun aiki a wani kamfanin jigilar kaya kusa da kasuwar Murshid Bazaar a Dubai ba, ina zaune a unguwar Satwa, ɗaki ɗaya cikin gidan da muke haya mu uku. Na nema mata biza ta zo. Da na gan ta a filin jirgi da kyar na gane ta. Ta rame, zanenta ma ya yi mata yawa.

Na gwada duk abin da na sani. Na kai ta kasuwar atamfa a Bur Dubai, na shigar da ita abra, kwale-kwalen da ke tsallaka da mutane, na dafa mata miyar kuka. Komai na yi, sai ta ce: "To, Allah ya yi albarka." Cokali biyu ta ture kwano. Matar da a da ko gishiri ya ɗan yi yawa sai unguwa ta ji, yanzu ko ƙona miya na yi ba ta ɗaga kai.

Ɗaya daga cikin waɗanda muke haya tare, wata 'yar Zariya mai son cakuɗa Larabci a magana, ita ta ce: "Habibti, gini kawai kike nuna mata. Kai ta inda akwai itatuwa. Zanzibar ba nisa, yalla, ku tafi!" Na yi ta juya maganar. In jirgi ya wahalar da ita fa? In ciwo ya kama ta a inda ban san kowa ba? Na sayi magunguna har da waɗanda ban san ko za a buƙata ba, sannan muka tafi.

Tsibirin yana da kyau, ban musa ba. Rairayin bakin tekun fari ne kamar garin rogo, ruwan kuwa garau, kana hango ƙasansa. Umma ta zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa tana jan carbi. Na ce akwai wani ƙaramin tsibiri mai manyan kunkuraye, ta ce ita ba za ta sake shiga kwale-kwale ba. A raina na ce wataƙila na ɗauko ta ne kawai na ƙara mata gajiya.

Ana gobe za mu dawo muka je wata gonar kayan ƙamshi, don nan ne kawai ba sai an shiga ruwa ba. Mai zagayawa da mu yana gaba yana kankaro ɓawon kirfa, yana tono citta, ni kuma hankalina yana kan saiwoyin da ke ƙasa, kada ta yi tuntuɓe. Na tsaya in nemo mata ruwa a jaka. Da na ɗago, babu Umma.

Na kira, shiru. Ko'ina ganye ne, ba a ganin gaba. Na koma da gudu ta hanyar da muka biyo, ina tsara abin da zan faɗa wa Yaya.

Muryarta na fara ji, da ƙarfi, irin wadda na manta da ita. A bayan wata doguwar bishiya wasu mata na shanya kanumfari a tabarmi, Umma ta durƙusa a tsakiyarsu, ta naɗe hannun riga. Tana yi musu Hausa, suna yi mata Swahili, kowa na nuni da hannu.

"Umma! Kin tayar min da hankali."

"Ke, zo ki gani! Ashe kanumfari ɗanyensa ja ne? Tun ina budurwa nake daka shi a yaji, ban taɓa sanin a kan bishiya yake ba." Ta nuna tabarmar. "Kuma dubi yadda suka tula shi wuri ɗaya. Ya za a yi ya bushe? Faɗa musu su baza."

"Umma, sana'arsu ce fa. Ina jin sun fi mu sani."

"Ina jin, ina jin! Duk bokon nan naki ba ki taɓa cewa kin tabbata ba. Matsa."

Ta ci gaba da bazawa, matan suna dariya, ɗaya ta ɗaure mata ɗan kaɗan a bakin mayafi. Ni dai na tsaya ina kallonsu.

A bakin gonar aka kawo mana tuwon masara da kifi a miyar kwakwa. Ta ɗanɗana, ta ɓata fuska.

"Babu daddawa. Wa ya koya musu miya?"

Ta cinye nata tas. Sannan ta leƙa kwanona ta ce: "Wannan kifin, ci za ki yi ko kallonsa?"

Na tura mata.