Bunsurun da Ya Ci Waken Matasa

A shekarun farin nan da ko kaza sai ta yi shawara kafin ta saki ƙwai, ni ne shugaban matasa a 'yar majami'ar ƙauyenmu. Mai bishararmu siririn mutum ne, iska mai ƙarfi tana iya kai shi Gezawa ba tare da ya hau mota ba. Abu ɗaya ke damunsa: kada yunwa ta watsa masa samari. Ya roƙo mana gona, muka shuka wake, mu ci rabi, mu ajiye rabi iri, kowa ya zauna gida.

Waken ya yi kyau, a shekarar da gero ya ƙi. A al'adarmu kuwa, dabba tana turke har sai mai gari ya sa an yi shelar an gama kwashe amfanin gona. Amma wani dattijon ikilisiya, mai zama a bencin gaba, ya ga harawa ta yi wuya, ya kwance awakinsa tun kafin shela. Jagoransu wani bunsuru ne, gemunsa ya fi na mai shi, warinsa kan riga shi shiga unguwa. Kafin mu ankara, gonarmu ta koma kamar kan jariri ranar suna.

Na raka Malam mai bishara gidan dattijon.

"Baba, awakinka sun cinye waken yaran nan."

"To Malam, ni na ci? Ga su can, je ka tambaye su."

Ranar Lahadi Malam ya yi wa'azi cewa Allah makiyayi ne, ba ya mance tunkiyarsa, mu bar masa ramuwa. Dattijon ya fi kowa ɗaga murya da amin. Ni kuwa na ce a raina, ai makiyayi ma da sanda yake yawo.

Samari suka watse kasuwar Dawanau dakon buhuna, suka aiko cewa ko damina ta faɗi ba za su dawo ba. Bencinsu ya rage daga ni sai ganga. Malam ya ƙara ramewa, har inuwarsa ta fara ɓata.

Da damina ta zauna, ciyawa ta ci ƙarfin gonar dattijon, ya miƙe a majami'a yana baza riga, ya kira gayya. Ya ce duk mai fartanya ya zo. Dokar gayya kowa ya san ta: wanda ya yi noma sai ya ƙoshi, mai gayyar da tuwonsa ya gaza kuwa, makaɗa za su raka shi da zambo har jikokinsa.

Na ari keke. Sai da na isar da gayyatar nan kowace kasuwa, na ƙarasa Dawanau na ce wa samarinmu, "Ba noma na kira ku ba. Wakenmu za mu je karɓowa."

Suka zo, da abokansu Musulmi, da abokan abokansu. Fartanya ta fi ciyawa yawa. Kafin rana ta yi zafi mun gama, muka zauna muna wanke hannu. Tuwon ya ɓace kamar ɗigon ruwa a kan tanda. Makaɗi ya gyara zama, ya fara sauya kiɗa.

Dattijon ya janyo ni gefe, gumi har gemu. "Kai ɗan nan, wa ya tara mini wannan runduna?"

"Baba, kai ka ce duk mai fartanya."

Ya dubi makaɗi, ya dubi turke. Da bakinsa ya aika a kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka bunsurun, don kowa ya ci. Bai isa ba, aka bi da akuya. Na rantse muku, ina tauna naman ina jin ɗanɗanon wake.

Malam bai taɓa naman ba. Yana zaune gindin ɗorawa, yana bin samarinsa da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya yafito ni.

"Na san aikinka ne, kuma za mu yi magana. Amma tunda sun zo da fartanya, gobe kai su gonarmu."

Suka je, suka kuma yi zamansu a ƙauye. Lahadin nan bencinmu har ya yi ƙara.

Malam ya yafe wa dattijon tun tuni, aikinsa ke nan. Ni dai abin da ke cina har yau, akwai wata jar akuya da na gani da idona tsakiyar wakenmu, ita ta tsira, tsufa ne ya kashe ta.