Ajiyar Kumushai

A ƙauyenmu, can gindin duwatsun At-Bashi, idan mace ta sa sabuwar riga ta hango Zuura tafe, sai ta tattare bakin rigar ta riƙe a hannu. Zuura ba ɓarauniya ba ce, Allah ya kiyaye. Ido ne da ita. Za ta gaishe ki, ta tambayi yara da tumaki, amma idon nan yana kan rigarki yana awo. Kafin ku rabu kin ji, "Wannan ai ta yi miki tsawo, 'yar uwa. Yatsa uku kawai za a rage." Rabin matan ƙauyen haka suka tsufa da ɗangalallun riguna.

Abin da take yi da ƙyallayen shi ne kurak, ɗinkin nan da ake haɗa ƙananan ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya har su zama bargo ko shimfiɗa. Ba ta taɓa sayar da ko guda ba. Mijinta Toktosun, Allah ya ji ƙansa, yakan ce kowa ya auri mata, shi ya auri almakashi. "Ina rataye wandona da ƙafa biyu," in ji shi, "amma ban san da nawa zan same shi ba."

Mutane sun saba yi mata dariya har sun manta mafarin abin. Kaka ɗaya aka kawo su amare, ita da Kumushai, gidajensu katanga ce kawai tsakani. Zuura mai kunya, Kumushai kuwa baki kamar rediyo. Shekara na zagayowa Zuura ta haifi ɗa namiji. Kafin arba'in uwa takan roƙi ƙyalle daga gida arba'in ta ɗinka wa jinjiri 'yar riga, don ya yi tsawon rai. Zuura baƙuwa ce, ta kasa buɗe baki ta roƙi kowa. Kumushai ta kama bakin jar rigar amarcinta ta keta, ta miƙa mata.

"Ga na farko. Tashi mu je, ni zan yi bara, ke ki riƙe jaka."

Sun kai gida talatin da ɗaya. Ran kwana talatin da uku yaron ya koma. Zuura ba ta ƙara haihuwa ba, rigar ba ta ƙaru ba, hannun kuma ya ƙi tsayawa.

Daga nan ne ta fara babban bargon. Idan tsoho ko tsohuwa suka rasu, akan keta yadi a raba wa matan da suka zo makoki, kowa ta tafi da guntunta, jirtish muke ce masa, wai albarkar tsawon kwanan mamaci. Sauran mata su jefa nasu a akwati su manta. Zuura kuwa ta kawo nata gida ta ɗinka. A tsakiya ta sa 'yar rigar nan da ba a gama ba, matattun ƙauye suka yi ta kewaye ta shekara da shekaru. Tana iya karanta bargon kamar littafi. Shuɗin nan ungozoma ce, ruwan ƙasan can mai injin niƙa ne, rawayan kuma surukarta, wadda ta sa a wajen ƙafa ba tare da ta faɗi dalili ba. Da Toktosun ya rasu, nasa mai ratsi-ratsi ta ɗinka shi a can gefe.

"Nan ya saba kwana," ta ce. "A gefe, yana jan bargo."

Ran Lahadi ita ce ranar sallarsu ita da Kumushai. Su hau mota su tafi kasuwa, su bi layin masu yadi daga farko har ƙarshe, su murza wannan, su ɗaga wancan a rana, su kushe kowanne, sannan Zuura ta sayi rabin mita. Masu yadi sun san su. Suna hango su sai su fara tsaki.

A wata Lahadin ne Kumushai ta ga koren karan-miski. Kore ne irin na ciyawar tudu bayan ruwan farko, idan aka shafa shi baya sai ya yi duhu. Lahadi uku tana ciniki, tana tafiya tana dawowa, har mai yadin ya ce ta ɗauka don Allah ta bar shi ya sha iska. Mita goma sha biyu ta saya.

"Me za ki yi da shi, ke tsohuwa? Aure za ki sake?" in ji Zuura.

"Na ranar tafiyata ne. So nake mata su yi kokawa a makokina. Kin ga abin da aka raba na matar liman? Ko tukunya ba zan goge da shi ba."

Ba a daɗe ba gwiwoyin Kumushai suka gaza. Ɗanta Esenbek ya zo ya ce sai dai ta koma wurinsa a birnin Bishkek, kusa da likita. Ranar tafiya ta shigo da ƙunshin a rungume kamar jinjiri, ta dire shi a kan adakar Zuura.

"Can ɗaki biyu ne, ba wurin ajiya. Ga amana. Ki dube ni da kyau, Zuura. Amana na ce."

"Haba, sai ka ce ba ki san ni ba."

"Sanin ne ya sa nake maimaitawa."

A faɗi gaskiya, shekarar farko Zuura ba ta taɓa ƙunshin ba. A ta biyu ta kwance shi don ya sha iska saboda asu, wanda kowa ya san wajibi ne. Ta shimfiɗa shi kusa da babban bargon. Nan ta ga abin da ya hana ta sukuni. Matattun nan nata duk sun cunkushe, shuɗi yana gogar rawaya, ungozoma tana hawan mai injin niƙa. Da za a sa siririn layin kore tsakaninsu, kowa ya sami makwancinsa. Yatsa biyu kawai, daga gefen da ba ya nuna. Wa zai ƙirga yatsa biyu a mita goma sha biyu?

To, hali zanen dutse. Layi ɗaya ya nemi ɗan'uwansa. Ta farke bargon gaba ɗaya ta sake haɗa shi, kowane ƙyalle da koren iyakarsa, aikin damina uku da hunturu uku. Sannan baki ya nemi kore, kusurwoyi suka nemi kore. Kullum ta yanka sai ta ce Lahadi mai zuwa za ta sayo ta mayar. Ta je kuwa. Mai yadin ya juya guntun da ta kai masa, ya ce wannan an daina kawo shi tun tuni. Ta bi layin ita kaɗai daga farko har ƙarshe, babu wanda ya yi tsaki, ta dawo gida.

Kumushai takan bugo waya ran Juma'a. Ta zagi ruwan birni, ta zagi burodin birni, ta tambayi wa ya mutu, sannan ta ce, "Ajiyata fa?"

"Tana nan."

"Lafiya lau?"

"Ta ma ƙara kyau."

Sai Kumushai ta yi wata 'yar dariya ta ajiye wayar. Shekara bakwai ana haka.

Rana ba ta ƙarya. Wata safiya da dusar ƙanƙara ta fara narkewa, motar Esenbek ta tsaya a ƙofar tsohon gidan, aka shiga da gawar Kumushai a ɗauke. Maza suka kafa tanti a tsakar gida, aka yanka doki bisa al'adarmu, mata suka hau suyar borsok, fanken garinmu, aka sa jana'iza jibi don dangin nesa su iso. Zuura ta shiga tantin ta zauna a gefen labulen da ƙawarta take bayansa. Ta yi kukan da ya kamata, ta yi wanda ya fi haka. Amma ƙarƙashin kukan akwai wani abu da yake cin ta. Mata sama da ɗari za su zo, abin da ya rage a ƙunshin kuwa bai kai kamu ɗaya ba. Nata yadin na ranar tafiya, da za ta iya bayarwa a madadi, ta yanke shi tun Toktosun yana da rai.

Washegari da hantsi Jipara, matar Esenbek, ta yi sallama. Zuura ta riga ta shirya maganarta, ta ma gwada ta a gaban butar shayi sau biyu. Ta zuba wa baƙuwar shayi da madara, ta tura mata burodi.

"Ya haƙuri, 'yata?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Apa. Ya namu?" in ji Jipara. Apa muke ce wa uwa.

"To. Kin zo karɓar ajiya." Ta gyara tabarau. "Wato shekarun nan asu ya yi yawa a ƙasar nan. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ko akwatin ƙarfe..."

Jipara ta ajiye kofin. Kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe baki da gefen ɗankwali, hawaye suna zuba, dariya tana ƙwacewa.

"Yi haƙuri, Apa. Wallahi haka ta ce za ki ce. Ta ce, 'Idan kin je za ta ce asu ne. Ki ce mata ina gaida asun, mai tabarau.'"

Zuura ta ɗauke hannu daga kan butar.

"Tun yaushe ta sani?"

"Tun ranar da ta kawo miki. A mota ta ce mana, 'Na ba mage ajiyar kitse.' Esenbek ya ce to a koma a karɓo mana. Ta ce a'a, in ya zo birni labule za mu yi da shi, gara ya zauna inda za a san darajarsa." Jipara ta share ido. "Ta ce kada in bari ki ji kunya. Ta sa an sayo ƙananan tawul guda ɗari biyu, suna cikin mota a ledarsu. Su za a raba. Ba wanda zai san komai."

Bayan ta fita Zuura ta daɗe a zaune. An rufa mata asiri, har an ɗaure bakin. Ba abin da ya rage mata sai ta je gobe ta karɓi tawul ɗinta kamar kowa. Ta tuna Lahadi ukun nan, da mai yadin yana roƙon a bar shi ya sha iska. Ta tuna abin da aka ce da na matar liman. Shekara hamsin da shida Kumushai tana shiga gaba tana yi mata bara, yau ma daga bayan labule ita ce ta shiga gaba. Zuura ta tashi ta ɗauko dutsen washi.

Ranar jana'iza, da maza suka ɗauki gawar suka nufi tudu, mata suka cika tantin har waje. Jipara ta jawo buhun tawul. Sai ga Zuura ta shigo tana jan babban bargon, ta shimfiɗa shi a tsakiya. Da yawansu ba su taɓa ganinsa a buɗe ba. Koren ya bi ko'ina kamar hanyoyin ruwa a gona, surutu ya ɗauke.

"Mayar da tawul ɗinki, 'yata. Ga yadin surukarki. Ni na cinye shi, kowa ta ji. Ɗinki ba ya ketuwa, sai dai mu yanka."

"Ke Zuura, kin haukace?" in ji Sayragul, wadda ta girme su duka. "Aikin shekara hamsin?"

"Matsa ƙafarki, Yaya, kin taka mai injin niƙa."

Ta durƙusa ta sa almakashi. Tana bin tsakiyar koren layi, don kowane yanki ya fita da rabonsa. Tana yanka tana kiran suna, wanda ke da dangi a wurin ta miƙa wa danginsa. Jikar ungozoma ta karɓi shuɗin ta kifa fuska a kai. Wata da ba ta taɓa ganin kakanta ba ta yi ta juya nata. Kafin a kai rabi mata sun fara miƙo hannu ta saman kawunan juna, ana "Ni fa, Apa?", ana ture-ture, wata ta taka wata, har aka soma 'yar cacar baki a bakin ƙofa. Zuura ta ɗaga kai ta dubi labulen da yanzu ba kowa a bayansa.

"To, ga kokawarki," ta ce a hankali.

Da ta zo kan mai ratsi-ratsin nan na gefe, almakashin ya tsaya. Ta shafa shi da babban yatsa. Sannan ta yanke ta miƙa wa Sayragul, wadda duk ƙauyen ya san ita Toktosun ya fara nema aka hana shi.

"Ungo, Yaya. Kin daɗe kina jira. Sai dai yana munshari."

Aka yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da jan hanci.

Azahar ta yi kafin mace ta ƙarshe ta karɓa. Yatsun Zuura sun kumbura a cikin kunnen almakashi, sai da Jipara ta taya ta zarewa. A kan shimfiɗar ba abin da ya saura sai zare-zare, da tsakiyar nan guda ɗaya, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba.

"Apa, ke ba ki ɗauka ba," in ji Jipara. Ta ɗago shi ta sa mata a cinya.

'Yar rigar ce, ƙyalle talatin da ɗaya, jan nan na bakin rigar amarci a wuyanta, kore ya kewaye ta ta kowane gefe. Zuura ta ninka ta biyu ta sa a ƙirji, ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ƙi a raka ta. Katanga ce kawai tsakani, ta ce, ta san hanya.

Ran Lahadi mai yadin ya hango ta daga nesa, ya fara sauko da sababbin kaya. Ta murza wannan, ta ɗaga wancan a rana. Ta juya gefenta na dama, inda Kumushai ta saba tsayawa, ta buɗe baki za ta kushe, sai ta rufe.

"Rabin mita, Apa?"

"Bari dai," ta ce. "Yau kallo na zo."