Sulken Kafaɗar Sani

Shekarata tara rabona da Maraɗi, a 1994, na shiga wani kanti a birnin Lyon na Faransa zan saya wa ɗana Sani sulken kafaɗa. Wai hoki zai buga a kan ƙanƙara, wasan ƙwallon sanda da ake bangazar juna.

Na ɗauko babba, yadda muke saya wa yara riga a gida.

Mai kantin ta ce, "Ya yi masa yawa."

Na ce, "Madam, ai zai girma a ciki. Ina aibin?"

Ta sa wa Sani sulken, ta ɗan bangaje shi. Sulken ya zame, ƙashin wuyansa ya fito fili.

Ta ce, "In ƙato ne ya buge shi fa?"

Faransa ta sha cutata, amma matar nan gaskiya ta faɗa. Na sayi daidai jikinsa.

Ku fa, wace dabarar gida ce ta ƙi yi muku aiki a waje?