Mai Facin da Ya Huda Tayoyinsa

Shekara talatin Baba Mai Faci ya yi yana toshe huda a bakin titi, kuma duk direban da ya shiga hannunsa ba ya neman wani. Ga taurin kai, ga cika baki, amma wallahi ya iya aiki. Tsofaffin tayoyi sun fi ɗari ya jibge jikin katangar gidansa, ko ɗaya bai yarda a taɓa ba.

Da damina 'yarsa ta dawo gida da tsohon ciki, mijinta ya yi tafiyar aiki. Tagar ɗakinta tayoyin take kallo. Sau biyu a wata guda zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita. Likita ya ce in aka yi na uku, da wuya cikin ya tsaya.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta biyo su gida. Ta leƙa kwata, ta leƙa duro, sannan ta zura ludayi cikin taya ta ɗebo ruwa. 'Ya'yan sauro ne ke ta wutsil-wutsil.

"Baba, ai kai kake kiwonsu," in ji ta. "A zubar da ruwan nan."

Kunya ta rufe shi, amma bakin bai mutu ba. "'Yata, ruwan taya ba ya zubuwa. Kina juya ta, yana zagayawa. Sai dai a huda."

Ya gasa ƙarfe ya yi jajur, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da masu sauran amfani. Kowace huda sai da ta sosa masa rai. Da ya gama, ya saɓi ƙarfensa ya bi sauran masu facin layin.

"Baba, ka zauce ne? Mai faci da huda taya?"

"Ubanku ne ya zauce! Ku kawo su nan."

Suka kawo, don shi ya koya wa rabinsu aiki.

Zazzaɓi na uku bai zo ba. Ran da 'yarsa ta sauka, daga rumfar facinsa ya ruga asibiti. Aka miƙo masa jaririya, ya ɓoye hannuwa a baya, duk baƙin roba ne da tabon ƙuna.

"Bari in wanke tukuna."

"A'a, Baba," in ji 'yar tasa daga kan gado. "Da su nake so ka karɓe ta."